Wayar da Baba Ya Yanke

Wata uku da binne Baba
na ɗaga bonet ɗin motarsa.
Safiyar Oruro ce, sanyi na cizon yatsu,
ruwan bokiti ya daskare a tsakar gida,
ni da tocila a baki, hannu cikin maiƙo.

Can ƙasa, kusa da matatar baƙin mai,
ga 'yar na'urar nan mai auna ƙarfinsa,
kamar kan albasa, ɗaure a jikin inji,
harshenta na tagulla tsirara,
ba hula, ba soket, ba abin da ya riƙe shi.
Wayar kuwa na gefe tana reto.

Na ce ɓera ne. Na ce zafi ne ya cinye.
Sai na warware baƙin tef ɗin da ke bakinta:
yanka ɗaya ne, sumul, na filaya.
Ɓera ba ya yanka haka.
Ɓera ba ya naɗe tef sau bakwai
ya lanƙwasa ƙarshen don a ji sauƙin ɓarewa.
Na san hannun.

Shekara nawa muna cika baki,
motar Don Eleuterio ba ta san jar wuta ba!
Har Potosí, har Uyuni, hawa da gangara,
allon gabanta tsit kamar coci ranar Talata,
Mama a gefe da ƙullin ganyen koka, hankali kwance.
Ashe ba lafiya ba ce.
Bakin ɗan aike aka ɗinke.

Haka ya yi da tarinsa.
Shekara ashirin da biyu a ramin kuza,
garin dutse ya yi gida a ƙirjinsa,
in abin ya taso sai ya miƙe,
wai zai duba taya.

Na hau bas zuwa wajen 'yan gwangwan, bayan layin dogo.
Doña Primitiva, mai baƙar malfa da dogon kitso biyu,
ta dubi guntun wayar, ba ta dube ni ba.
"Mai ƙafa ɗaya ce. Jeri na huɗu, farar can mara ƙofa.
Ki yanko da tsawo, kar ki yi wa kanki rowa."
Na kwanta ƙarƙashin gawar motar wani
na ciro abin da bai kai ɗan yatsa ba.
Boliviano goma.
Ta yi mini gyara da kofin api mai tururi,
ta ce hannu mai rawa ba ya dalma.

A gida na feƙe bakin wayoyin biyu.
Rigar roba na fara zurawa, don ya sha faɗa mini:
wanda ya manta ta, sai ya sake yanka.
Na murɗa tagulla da tagulla,
dalma ta narke ta bi sili kamar kitse a kasko,
na kanga ashana, robar ta tsuke.
Na goge harshen da sanfefa har ya yi ido.
Na tura.
Ƙas.

Mama ta fito da bargo a kafaɗa.
Na murɗa makulli rabi.
Ga ta: 'yar buta ja, ɗigo ɗaya a bakinta,
rabona da ita tun ina zama a cinya.
"Wannan kuma fa?" in ji Mama.
Na ce, da ma tana nan.

Na tayar. Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
ta mutu.
Muka saki numfashi.
Inji ya ɗumama, ya sauke murya,
sai ta fara ƙyafta ido,
ta zo, ta tafi,
ta zo.

Mama ta daɗe tana kallo.
Filayar na kan kujera tsakaninmu.
Ta ɗauke ta, ta jefa a aljihun rigarta.
"Bar ta ta yi magana," ta ce.
"Gobe da wuri ki kai wa Casiano ya auna."